Ganyen Kurmi a Gindin Randa

A kasuwar Jega Gudiya ta fara ganin Almu, kuma da fushi aka fara. Lokacin Nasara ba su daɗe da shigowa ƙasar ba. Ta rako mahaifinta Malam Arzika daga Aliero sayar da albasa, sai ga wani saurayin falke, wujiga-wujiga, ya roƙi ruwa. Ta cika masa ƙwarya. Maimakon ya sha, gogan naka sai ya durƙusa ya tuttule wa wani tsiro da ke cikin tsohon ƙoƙo.

"Kai! Ruwan nawa kab ba haki?"

"Yi haƙuri, ƙanwata. Tun daga kurmin Gwanja niɗ ɗauko shi bisa kayan goro. Ni ina iya roƙo, shi ba shi da baki."

Ta galla masa harara, amma ta ƙaro ruwan. Ganyen kuwa abin kallo ne, faɗin tafin hannu, kore shar, da fararen jijiyoyi kamar ɗinkin riga.

Ba a jima ba Almu, ɗan garin Maiyama, ya san hanyar Aliero kamar ta gidansu. Ya ba ta tsiron, ya ce ba ya son rana, sai inuwa da danshi da abin hawa. Ta dasa shi a gindin randa, ta kafa masa sanda.

Da magabatansa suka zo neman aure, Malam Arzika ya yi tsalle ya dire.

"In ba da ɗiyata ga wanda ba shi da gona, sai hakin da ba a ci, ba a miya, ba a magani? To, in abin ga ya ƙetare bazarar Aliero da rai, na ba shi. In ya mutu, Mu'azu ɗan sarkin pawa na nan yana jira."

Haba Malam! Bazarar da ke ƙona ƙafar jaki ita za a haɗa da ɗan ganyen kurmi? Ai wannan ƙi ne aka sa masa rawani.

Ranar da ayari zai koma Gwanja, Almu ya tsaya a bakin zaure.

"Sanyin randata, riƙa mani shi."

"Kai dai ka komo da wuri. In ka daɗe, ni da shi duk bushewa za mu yi."

Zafi ya sauka, rijiyoyi suka ja baya. Gudiya ta naɗe sandar da jiƙaƙƙen tsumma, tana goge ganyen ɗaya bayan ɗaya, rabon ruwanta na sha ma shi take ba wa. Matan unguwa na dariya, wai ta auri ciyawa. Ga labari ya zo Nasara sun tare ayarin sun sa su dako. Duk da haka tsiron ya yi ta hawa har ya kama rufin rumfa.

Ana nan sai Mu'azu ya aiko da toshin akuya, 'yan aiken kuma duk faɗin gidan ba su ga wurin ɗaure ta ba sai kusa da randa. Kafin Gudiya ta dawo daga rijiya, sanda ce kawai a tsaye, har saiwar an tumɓuke.

Ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, bazara kac ce. Ba ka ce akuya ba!"

Malam ya ɗauki fartanyarsa ya fice. Ita kuwa ta daina cin abinci sai an matsa mata.

Da ruwan farko Almu ya iso, ya rame ya yi baƙi. Ya ga sandar, ya ga idon Gudiya, sai ya juya zai fita.

"Ku biyo ni," in ji Malam Arzika.

Ya kai su fadamarsa. A bakin rijiya, cikin inuwar kanya, ga ganyen nan ya nannaɗe gwafar jigo, yana sheƙi.

"Baba!"

"Manomin albasa ba shi aje iri wuri guda. Ran da nig ga kin hana ma kanki ruwa kin ba shi, niy yanki reshe nid dasa nan." Ya kau da kai, yana gyaran murya. "Yaron ga niƙ ƙi, amma ban iya kallon iri yana mutuwa. Ku tahi, Allah shi yi maku albarka."

Aka mayar wa Mu'azu akuyarsa, ko sannu bai samu ba. Bayan girbin gero aka ɗaura aure, aka kai amarya Maiyama da randarta da sabon reshe a ƙoƙo.

Da ango ya shigo, ya ce, "Sanyin randata, a taimaka da ruwa."

Gudiya ta cika ƙwarya, ta wuce shi, ta shayar da tsiron tukuna.

"Kai kana iya roƙo," ta ce, sannan ta miƙa masa saura.