Shafin da Ya Ƙi Wayar Baba

"Shafin nan a karye yake."

Karo na uku ke nan Baba yana faɗin haka, ni kuwa ina zaune gaban kwamfuta.

Baba shi ne mahaifin Dogo, saurayin da nake shirin aure, kuma shi ke da makarantar koyon tuƙin nan. Ni na gina musu shafin intanet inda ɗalibai ke zaɓar rana da malami. Tun farko Baba bai yi na'am da ni ba, ya fi son Dogo ya auri 'yar ƙanwarsa, sakatariyar ofishin.

"Baba, na gwada shi a burauza biyar, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita. Na gwada a wayoyi bakwai..."

"To ƙarya nake yi ke nan?"



Sakatariya ta taɓe baki. "Kawu, ai tun safe ɗalibai ke kira suna ƙorafi. Wannan injiniyar ta Dogo dai baki ne kawai, kamar gangar biki."

Na san ba wanda ya kira, domin mutum goma sha ɗaya sun yi rajista da safen nan lafiya lau. Amma wa zai saurare ni?

"Yarinyar da za ta ƙaryata ni a ofishina ba za ta shigo gidana ba," in ji Baba. Ya shige ciki ya turo ƙofa.

Dogo ya biyo ni baranda. "Rabin raina, ki ba shi haƙuri kawai."

"Haƙuri ba ya gyara shafi. Wayarsa nake so in gani."

"Wayar Baba? Ko Umma ba ta taɓa ta."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba. Na ƙwanƙwasa, na shiga, na durƙusa gaban teburinsa.

"Baba, don girman Allah, minti ɗaya."

Ya daɗe yana kallon wajen da nake, kafin ya turo wayar.

Tsohuwar burauza ce, irin wadda ke zuwa da waya. Na buɗe shafin.

An ƙara girman rubutu har ƙarshe. Kalma biyu sun cika fuskar wayar, hotuna sun hau kan juna, wurin dannawa a yi rajista ya ɓace gaba ɗaya.

Na ɗago a hankali. Sai yanzu na lura da takardun da ke gabansa, duk a juye suke, kai a ƙasa.

Ashe Baba ba ya gani sosai. Mutumin da kullum yake fita titi da ɗalibai...

"Kin gani?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Na gani, Baba."

"Shekara talatin da idon nan nake ci da iyalina. Ranar da aka ji, makarantar ta mutu. To, tashi ki je ki wanke kanki."

Ban tashi ba. In na faɗa, na tona asirin surukina. In na yi shiru, wata rana mota za ta dawo babu shi, ko babu ɗan wani.

"Shafin zan gyara, domin laifina ne. Bai kamata ya karye don mutum ya ƙara rubutu ba. Amma Baba... ba zan iya ganin ka sake shiga mota da ɗalibi in yi shiru ba."

"Barazana kike mini?"

"Tsoro nake ji." Hawaye suka zubo mini. "Ko da za ka hana ni Dogo."



A gabansa na zauna na warware shafin, na sa komai ya riƙa sauka ƙasa a jere duk girman rubutu. Awa biyu. Na gwada a burauzarsa, na gwada a sauran, sannan na miƙa masa.

Ya kai wayar dab da fuskarsa, ya danna. Shafin ya yi aiki.

Ya miƙe ya buɗe ƙofa, Sakatariya ta kusa faɗowa ciki.

"Kawu, dama shayi zan tambaya..."

"Kawo mini sunan ɗalibi ɗaya da ya kira."

Ta hau sosa wuya.

Baba ya zaro makullin mota daga aljihu. Sai ya kamo hannun Dogo ya danƙa masa.

"Daga yau kai ne da ɗalibai. Idona ya gaji. Wata takwas ina ɓoyewa, ku da ke gidana ba ku gani ba."

Dogo ya daskare. "Baba..."

"Kar ka yi mini kuka. Ɗiyata, ke za ki kai ni wurin likita."

Ɗiyata. Na share fuska da bakin mayafi.

"Baba, ai ban iya mota ba."

Ya juya wajen Dogo, ya girgiza kai.

"Shekara biyu kana zarya gidansu, me kake koya mata? Ka fara gobe. Ba za a kawo mini amarya gida tana tambayar ina birki yake ba."