Jan Shira'in da Minnatullah Ta Ɗinka

"Duba aikinki!"

Muhsin ya zazzage buhun a tsakiyar falo. Jan ƙyalle ya malale har ƙarƙashin keken ɗinkinta, yana ƙarnin teku, a yage gida biyu.

Minnatullah ta miƙe, almakashi ya faɗi daga cinyarta. Hannunsa ta fara kalla, na dama, a naɗe da bandeji.

"Kaftin... me ya sami hannunka?"

"Bar hannuna. Ɗinkinki za ki duba!"

Kakarta Hajja Baraka, da ke kan darduma tun la'asar, ta tsayar da carbi.

"Kai ɗan nan, ko sallama babu? Nan Jarwal ne fa, cikin Makka, ba bakin ruwa ba."

"Ki gafarce ni, Hajja."

Minnatullah ta durƙusa. Yagewar ta bi layin ɗinkinta tiryan-tiryan, kamar an sa reza.

Muhsin haifaffen unguwar Kudai ne a nan Makka, amma tun yana ɗan sha biyar yake aikin jiragen ruwa masu tafiya da iska a Abhur, can bayan Jidda. Kamfanin kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, ya rufe, iƙamarsa ta zama a ƙasar ta mutu, ga wa'adin da hukuma ta ba baƙi su gyara takardunsu yana ta ƙaratowa. Wani likita mai jirgi ya yi masa alkawari: in ya shigo cikin ukun farko a tseren mutum bibbiyu, zai karɓi kafalarsa, ya sabunta masa iƙama. Abbanta kuwa magana ɗaya ya yi.

"Ya kawo iƙama in ba shi 'ya. Ba zan aurar da ke ga wanda za a iya kamawa a bakin titi ba."

Duk begensu ya rataya a kan jan ƙyallen nan, shira'i. Ya taɓa zana mata shi a bayan kwalin shayi. Ƙato ne, marar nauyi kamar mayafi, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, in iska tana bayansu sai ya kumbura a gaban jirgi ya ja su a guje. A da sai mutum shida ke iya masa. Yanzu akwai bakara, wani ƙarfe mai juyawa, a goshin jirgin, ka ja igiya ɗaya ya naɗe, ka saki ya buɗe.

"Kamar kwarkwaron kekena ke nan," ta ce a lokacin, kanta a ƙasa.

"Wallahi kin fi Uzair fahimta, habibti!"

Uzair ɗan baffanta ne, shi ne mutum na biyu a jirgin. Da shira'in ya ɗan tsage wajen gwaji, shi ya kawo mata Makka, don Muhsin ba ya son yawan bi ta shingen Shumaisi babu takarda.

Yau ga shi ya biyo.

"Muna na biyu, Minna. Na biyu! Muka zagaya alamar ƙarshe, iska ta dawo bayanmu, na ce Uzair saki. Ya buɗe, ya cika... sai ɓarrr! Guntun ya shige bakara ya cushe ta. Ya ƙi naɗuwa, ya ƙi saukowa. Na tafi goshi da wuƙa, igiya ta ci min tafin hannu. Jirage tara suka wuce ina kallo."

"Kwana uku na yi a kansa..."

"Na rubuta miki! Zigizag, mai faɗi, da zaren roban da na aiko. Har layi biyu na ja a ƙarƙashi. Ki aiko min da cewa wai ba a koya wa tela ɗinki?"

"Ni?"

"Haka Uzair ya ce."

"Wace takarda, Kaftin? Wane zare?"

Ƙugin motocin fasa gine-gine ya shigo falon daga wajen Harami.

Ta tuna komai. Ta ga ɗinkin da shira'in ya zo da shi, mai faɗi, karkace-karkace, ta ɗauka aikin malalata ne. Ta tambayi Uzair, Kaftin bai ce komai ba? Ya ce, cewa ya yi ki yi masa irin ɗinkinki na amare. Ita kuwa ta mayar da keken kan ɗinki mafi ƙanƙanta, miƙaƙƙe, da zaren audugarta mai kyau, ta yi layi biyu a matse. Ba ta san kowane hujin allura rauni ne a jikin ƙyalle irin wannan ba.

"Yana tsaye a ƙofar nan yana shan shayi," ta ce, muryarta na karyewa. "Har cewa ya yi... ƙara layi ɗaya, ya bint ammi, 'yar baffana."

"Kika ƙara?"

"Na ƙara."

Muhsin ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Shekara shida muna jirgi ɗaya. Kwano ɗaya muke ci. Me na yi masa?"

"Ya nemi aurena bara... na ce a'a."

"Ba ki taɓa faɗa min ba!"

"Kunya na ji."

"Kunya," ya maimaita, ya yi wata dariya marar daɗi. "Da kin faɗa, da ko allura ban ba shi ya kawo miki ba."

Hajja Baraka ta nisa.

"Tekun nan shi ya ci kakanki tsakanin Sawakin da Jidda, ina goye da ubanki. Shi ya sa ban taɓa son auren nan ba. Amma yau teku bai da laifi. Da ɗan gari akan ci gari."

Da Abba ya dawo daga shago ya ji, ya zagi Uzair tas. Sannan ya juyo.

"An cuce ka, Muhsin, na shaida. To likitan fa?"

"Ma'lesh kawai ya ce min, wai in yi haƙuri, Abba. Ya ba wani kafalar."

"Ka ga ke nan."

Daga haka ya shige ɗaki.

Rannan Minnatullah ta raka Muhsin har matakala, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ina za ka?"

"Kano. Haka fasfona ya ce. Garin da ban taɓa gani ba, garin da babu teku."

"Ka tafi da ni..."

"In kai ki ina, ruhina? Ko titi ɗaya ban sani ba."

"Zan jira!"

"Kar ki jira. Ban san ranar dawowa ba."

"Ka yafe min, Kaftin."

"Na yafe. Kyan ɗinkinki ne ya yi yawa."

Ya sauka bai waiwayo ba. Kwana tara bayan nan ya bar ƙasar.

Sati bai zagayo ba sai ga Uzair da tiren kayan zaƙi na basbusa, yana ƙamshin turare.

"Keef halik, Minna? Na ji kin rame."

"Ya Uzair, kawo zaren."

"Wane zare?"

"Yana cikin motarka. Na san ka, ba ka yar da abu."

Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sauka, ya dawo da farin zare mai sheƙi da takarda a ninke, ya ajiye kan keken.

"Don ina sonki ne, wallahi..."

"Ni ma so ne ya sa na matse ɗinkin. Amma ni ban sani ba. Kai ka sani, kana kallo, kana shan shayi."

"Minna, ki saurare ni..."

"Khalas! Ko kai kaɗai ka rage tsakanin Jarwal da Arfa, gara in tsufa a kan keken nan. Ɗauki tirenka."

Bayan fitarsa ta buɗe takardar. Ga rubutun Muhsin, manya-manya, ga layi biyun da ya ja. A ƙasa ya ƙara: "Kar ki matse shi, habibti, ki bar masa wurin motsi. In mun ci, da shi zan zo gidanku a kafaɗa."

Da shi kuwa ya zo.

Ta jawo shira'in kan cinyarta, ta fara warware ɗinkinta ɗaya bayan ɗaya, layi uku, hawaye na ɗiga kan jan ƙyallen. Ta sa sabon zaren, ta murɗa keken zuwa zigizag, ta buɗe shi iyakar faɗinsa.

"Wa zai ɗaga shi, 'yar nan?" in ji Hajja Baraka.

Minnatullah ta daidaita ƙyallen a ƙarƙashin allura. Ta taka keken.