Kwalba Biyu a Firjin Mok Zah

"Kofi uku na ɗura masa, likita! Uku, da wannan hannun nawa!"

Muryar Mok Zah ta cika barandar asibitin, har masu layin karɓar magani suka waiwayo. Hazlin na bayanta, jingine da bango, mayafinta ya jiƙe da gumi. Ko rumfarta ba ta rufe ba a kasuwar garinsu, Kota Bharu. Waya kawai Ridzuan ya yi mata ya ce, "Ayoh ya faɗi," ta hau babur da tsakar rana.

Ayoh mahaifinsa ne, Mok Zah mahaifiyarsa; a garinsu Ayoh ake ce wa uba, Mok kuma uwa. Saura wata biyu ya zama surukinta.

Likitar, wata siririyar mace mai gilashi, ta sake duba takardar hannunta.

"Kofi uku na me, Mok?"

"Na sirap mana! Haka nas ta koya min tun shekara tara da suka wuce. In ya fara rawar jiki yana gumi, sukarinsa ne ya sauka, a ba shi abu mai zaƙi. Yau ya yi allura ya tafi wajen kurciyoyinsa bai ci abinci ba. Da, kofi ɗaya yake sha ya miƙe. Yau kuwa... yau ina ɗura masa yana tafiya!"

"Mok, da ya sha sirap kofi uku, da bai iso nan a sume ba." Likitar ta sassauta murya. "Wa ke masa allurar?"

"Ni."

"Kin tabbata ba ki zarce awon ba? Idonki na gani sosai?"

Mok Zah ta ja da baya. Sai ta sulale kan benci, ta ɗora hannu biyu a ka.

"Wayyo Allah... ni ce? Ni na so in kashe mijina?"

Ridzuan ya durƙusa ya riƙe ta. "Mok, ki daina. Ai ya farfaɗo. Tsautsayi ne."

Hazlin ta sunkuyar da kai.

Ita kaɗai ta san abin da ke cikin kwalaben sirap ɗin nan.

Sirap sana'arta ce, ta gada wajen kakarta: jan lemo mai ƙamshin fure, wanda ba a biki ko suna a jiharsu ta Kelantan sai da shi. Mutanen garinsu kuwa kowa ya san su da zaƙi, har a miya suna zuba sukari. Tun da aka yi baikonta da Ridzuan, duk Alhamis take aika kwalba biyu gidansu, kamar yadda ya dace da yarinyar da ke son shiga zuciyar uwar miji.

Ridzuan direban bas ne. Yana zaune tun safe har yamma, lemon kwalba biyar a gefen sitiyari. Wata shida da suka wuce aka auna shi, kilo ɗari da ashirin da ɗaya. Likita ya ce masa ƙafarsa ɗaya ta riga ta taka hanyar da mahaifinsa ya bi.

Hazlin ta yi kuka ranar. Ta sayo masa lemon da babu sukari. Ya kurɓa sau ɗaya ya tofar.

"Wannan ai ruwan wanke allura ne, sayang, masoyiyata! Gara in mutu da zaƙi a baki."

Mok Zah kuwa dariya ta yi har da riƙe ciki. "Ɗana lafiya ce ta yi masa yawa. Namijin da iska ke ɗauka, wace mace za ta jingina da shi?"

Shi ne Hazlin ta shiga ɗakin girki ta rufe ƙofa. Sati uku tana gwaji da farin garin zaƙin nan da ake sayarwa a kantin magani. Ɗacin da yake bari a maƙoshi ta kashe shi da ganyen pandan mai ƙamshi, ɗan gishiri da ɗigon lemon tsami. Ranar da mahaifiyarta ta sha ba ta gane ba, ta san ta gama. Ta kai wa Ridzuan, wanda take kira Abe Wan, wato Yaya Wan.

"Abe Wan, in kana sona, ka bar lemon kanti. Nawa kaɗai za ka riƙa tafiya da shi."

"Wannan ai ba sharaɗi ba ne, gata ne."

Kilo goma sha ɗaya ya zube. Farhana, 'yar ƙanwar Mok Zah, wadda ta daɗe da sa ido a kansa, ta bi gari tana cewa gahawar rage tumbin da take sayarwa ce ta yi aiki. Shi kuwa ya raɗa wa Hazlin cewa ko kaji sun ƙi gahawar nan.

"Sonki ne ke cinye ni, rabin raina."

Ta yi murmushi.

Ayoh ba ya shan sirap, an hana shi saboda ciwon sukari. Shi ya sa bai taɓa faɗo mata a rai ba. Ko sau ɗaya ba ta tambayi kanta abin da ake ba shi in ya fara rawar jiki ba.

Yanzu ga Mok Zah tana dukan ƙirjinta a kan benci.

In Hazlin ta yi shiru, ba mai sani. Gobe ta aika sababbin kwalabe masu sukari, ta kwashe tsofaffin da wata dabara. Aurenta na nan. Sai dai tsohuwar nan za ta ƙarasa rayuwarta tana ganin ita ta kusa kashe mijinta.

"Likita..."

Hazlin ce, ta matso daga jikin bango.

"Ba allurar ba ce. Babu sukari a sirap ɗin. Ko ƙwaya ɗaya babu."

Ridzuan ya ɗago a hankali.

"Me kika ce, Lin?"

"Ni na haɗa shi. Wata biyar ke nan. Saboda kai na yi, Abe... saboda jikinka."

Mok Zah ta daina kuka. Ta miƙe, ta share fuska da bakin mayafi, ta tako har gaban Hazlin. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tsoratar da Hazlin ke nan.

"Wata biyar kina zuba mana abu a sha, ba mu sani ba?"

"Mok, ba cutarwa ba ne, likita ma za ta gaya miki..."

"Kada ki ƙara kirana Mok. Miƙo hannunki."

"Mok!" in ji Ridzuan.

"Ni na sa mata zoben nan a gaban dangi, ni zan cire abina!"

Zoben ya ƙi fita. Mok Zah ta murɗa shi har fatar yatsan ta saɓule.  Ido kawai Hazlin ta zuba wa Ridzuan, tana jira.

Shi kuwa ƙasa yake kallo.

*

Kafin Juma'a ta zagayo, labarin ya canza kama. Farhana ce ta ɗauke shi gida-gida.

"Ni dai ban ce komai ba. Amma yaro ya rame, ba ya ganin kowa sai ita, uba ya faɗi... In mace na zuba abu a ɓoye, ku kun san sunansa."

Sunansa sammu. A garinsu kuwa ba a wasa da wannan kalma.

Mata biyu suka janye sirap ɗin bikin da suka sa ta haɗa. Masu saye suka riƙa wuce rumfarta suna kawar da kai. Mai sayar da kifi ta gefenta, da ta saba tsokanarta, ta ce, "Lin, ɗan sammin asirin mana, tsohon nawa ya fara leƙe-leƙe," aka kwashe da dariya. Hazlin ta tafi bayan rumfa ta yi kukanta.

Mahaifiyarta ta ce, "Da kin kama bakinki, da wa ya sani?"

"Da ni na sani, Mok."

"To, ai sai ki auri sanin naki."

Kwana ashirin da uku Ridzuan bai kira ba.

Ran na ashirin da huɗu, da hantsi, tana goge tulunan gilashi sai ta ga inuwarsa a kan tebur. Kumatunsa sun fara dawowa. Kwalbar lemon kanti na hannunsa, ya sha rabi.

Ta kalli kwalbar, ta kalle shi.

"Da gangan kake yi."

"Da gangan. Aƙalla na san abin da nake sha."

"Yaya Ayoh?"

"Ya warke. Jiya kurciyarsa ta zo ta uku a gasar kukan kurciyoyi, ya hana kowa sakat." Ya ja kujera ya zauna. "Shi ya turo ni. Ya ce yarinyar da ta tona kanta don ta wanke matarsa ba a barinta a titi. Ya ce laifinsa ne da bai ci abinci ba. Sun yi kwana biyu ba sa magana da Mok."

"Kai fa? Kai me ka ce?"

Ya daɗe yana juya kwalbar.

"Kin san yadda Mok ke ba kyanwarmu magani? A cikin kifi take cusawa. Haka kika yi min, Lin. Wata biyar ina tsayawa gaban madubi ina cewa sonki ne, ke kuwa kina kallona kina murmushi..."

"Ai son ne!"

"Son da bai ɗauke ni mutum ba."

"Na kawo maka a fili, ka tofar! Ka ce gara ka mutu! Me kake so in yi? In zauna in ga an fara yanke maka yatsu kamar kawunka?"

"Da kin yi faɗa da ni! Da kin ce ba za ki aure ni ba! Da ko mari ne..."

Mai kifi ta daina kankare ɓawo, ta kasa kunne. Ridzuan ya rage murya.

"Tambaya ɗaya na zo da ita. Da Ayoh bai faɗi ba, da kin gaya min?"

Hazlin ta san amsar da yake so. A bakinta take, mai sauƙi: bayan biki na yi niyya. Zai yarda, don yana son ya yarda.

"A'a," ta ce. "Da ban gaya maka ba. Ko bayan shekara goma."

Ya runtse ido kamar an soke shi.

"Kuma har yanzu ban san ko na yi nadamar naka ba, Abe. Na Ayoh nake kwana da shi ina tashi da shi. Naka kuwa... in na tuna numfashinka a matakala da, in na tuna yadda ka dawo kana hawa da gudu, sai in rasa inda zan sa nadamar."

"To, ta yaya zan ci abincinki?"

"Ban sani ba."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Abin da zan iya rantse maka ɗaya ne. Ba zan ƙara ɓoye maka ba. Amma ka sani, ba za ka ji daɗi ba. Duk kwalbar da ka ɗauka sai na yi magana, a gaban Mok, a gaban abokanka, a gaban liman. Za ka gaji da ni. In shiru kake so, ga Farhana can."

"Farhana?" Dariya ta kufce masa, idonsa jawur. "Wadda gahawarta ta kori kaji?"

"Ba wasa nake ba."

"Na sani, sayang." Ya dubi kwalbar hannunsa. "Fara, to."

"Ajiye ta."

"Saura rabi fa..."

"Ridzuan, ajiye ta!"

Ya ajiye.

*

An ɗaura auren bayan ƙaramar Sallah, wata uku a kan ranar da aka sa da farko. Ayoh ne ya tsaya kai da fata. Farhana ta aiko cewa kanta na ciwo. Mok Zah ta zo, ta yi duk abin da uwa ke yi, ta yayyafa musu ruwan fure, ta karɓi baƙi, har ta gyara wa amarya mayafi da hannunta.

Washegari da safe Hazlin ta tashi a gidan surukanta. Ta tarar da Mok Zah a baranda tana yankan albasa, gumi na bin wuyanta, tana ɗan tari.

Ta koma ciki ta wanke kofi sau biyu. Ta tara shi a famfo, inda tsohuwar ke iya hango ta ta taga. Ta kawo da hannu biyu, ta durƙusa.

"Mok, ga ruwa."

Mok Zah ta dube ta. Babu fushi a idon, babu ƙiyayya.

"Ruwa ne kawai, Mok. Kin ga lokacin da na tara."

"Na gani, 'yata. Allah ya yi miki albarka."

Ta karɓa, ta ajiye a gefen tabarma, ta ci gaba da yanka.

Hazlin ta zauna kusa da ita, ta ɗauki wuƙa ta biyu. Suka gama albasa, suka tsinke wake, suka goge kwakwa. Rana ta hau, inuwa ta bar barandar. Can sai Mok Zah ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, ta tsallake kofin, ta shiga ciki ta ɗebo wa kanta wani.