Tukunya Ta Uku

Shekara shida ke nan ina dafa sukari a masana'antar garinmu, a jihar Dakota ta Arewa, a Amurka. A da, mai dafawa kan ɗebo ruwan sukarin ya murza tsakanin yatsu, ya ji ko ya fara ƙwaya. Yanzu na'ura ce ke tura sauti cikin rufaffiyar tukunyar, ta saurari amonsa, ta zana mini layi a allo. Abin da ke ciki kaɗai take ji. Ko ihu ka kurma a gefenta, layin ba ya motsi.

Ran nan ina aikin dare ni kaɗai a tukunya ta uku, sai ƙaurin sukari ya cika mini hanci, alhali ba abin da ya ƙone. Da na waiwaya, ga wani tsoho tsaye dab da ni, sanye da irin rigar aikin da aka daina tun kafin a ɗauke ni.

"Marlys, 'yata, kin biye wa akwatin nan?" ya ce. "Buɗe ƙofar gefen tukunyar ki taɓa da hannunki."

"Baba, in na buɗe ai dahuwa zan yi. Daga wane sashe kake?"

"Nan nake. Na daɗe."

Ƙwayoyin sukari na ƙyalli a girarsa. Hannayensa na tururi.

Na kau da kai, na zuba wa allon ido.

"Buɗe mana," ya sake cewa, a hankali.

Layin ya yi tsalle sau biyu, daidai da kalmominsa.