Kiɗan da Malam Olusegun Bai Ji Ƙarshensa Ba

Gab da magariba Malam Olusegun ya tafi kwaso gangunan da ya shanya a rana don fatarsu ta ɗaure. Haifaffen Funtua ne, shi ke koyar da kiɗa a wata sakandaren 'yan mata kusa da Malumfashi. Ɗakin da aka ba shi tsohon sito ne a bayan makaranta, daf da gonar masara.

Ganga ɗaya ba ta nan.

Daga cikin siton ya ji ta. Kiɗan da ake bugawa shi ne wanda yake koya wa ɗalibai don gasa. A kasuwar Ƙarfi ya naɗe shi a waya, daga wani tsoho mai garaya. Tsohon ya ce ya tsaya ya ji yadda ake rufe kiɗan. Shi kuwa ya ce wannan ya isa, mota na jira.

Ya tura ƙofa. Warin kashin jemage, da wani ƙauri kamar na gashi.

Bushra ce, babbar makaɗiyarsa, zaune a ƙasa. Tafukanta sun fashe, fatar gangar ta yi ja. Ba ta daina ba.

"Bushra, ajiye mana."

Ta ɗago. Muryar da ta fito ta namiji ce, ƙasa-ƙasa.

"Kai ne mai kiran? Kullum kira, kullum kira. Mun zo. Sallame mu."

"Ban iya ba," ya ce da raɗa.

"To za ta yi ta bugawa har hannun ya ƙare."

Kiɗan ya ƙara sauri. Sauran gangunan da ke waje suka amsa.

Ya laluba aljihu. Ya ciro rezar da yake yanke tsirkiyar ganga da ita.

Ya faɗa kan gangar, ya farke fatar.

Shiru.

Wani abu mai sanyi ya kama wuyan hannunsa, ya murɗa.

"Ka yanke kiɗanmu," in ji muryar. "Mun ɗauki naka."

Ya ja yarinyar waje, bai waiwaya ba.

Bushra ta warke, ba ta tuna komai. Aka sa wa siton kwaɗo. Malam Olusegun ya ajiye aikin, domin tun ranar bai ƙara iya riƙe kiɗa ba. A coci, in jama'a na tafi, nasa tafin kan faɗo shi kaɗai a tsakani. Kuma duk lokacin da ya faɗo, wani tafin kan amsa masa daga bayansa, ko da bango ne a wurin.