Falmaran ɗin Apa a Kasuwar Gwanjo

"Akmaral, ko ganga ba a buga ba fa! Ina kuma za ki?"

Sanjar ya riƙe igiyar jakata. Muna tsaye a lambun da ake kiɗan bazara, rabin mutanen birnin Almati sun shimfiɗa barguna a kan ciyawa, makaɗa suna ta ɗaure tsirkiya.

"Apa tana jirana, ka sani."

"Na sani mana! Duk bazarar nan abin da na sani ke nan. Ki zo, ki leƙa, ki arce!"

"To ka aure ni ka tare a gidanmu, ka huta."

Ya saki igiyar jakata. Na san inda na soka, bakina ne ba ya jin magana. Sanjar auta ne, a wurinmu kuwa auta ba ya barin gidan ubansa. Yana gama aikinsa a nan, garin Taraz zai koma wurin tsofaffinsa.

Ni kuma 'yar fari ce. Tun ina tsumman goyo aka miƙa ni ga kakata, na tashi ina kiranta Apa, wato uwa. Mahaifina yaya nake ce masa, wadda ta haife ni kuma Jenge, matar yaya. Duk wanda ya kuskura ya kira ni jika, Apa ta daina amsa gaisuwarsa ke nan. Yanzu ƙafafunta sun gaji, ni kaɗai ce a gabanta.

"Ƙarshen bazara zan tafi, sanyin idona," ya ce a hankali. "Faɗa min yadda zan yi..."

Na hau bas ina kuka, kiɗa yana tashi a bayana.

Ranar Lahadi ya ja ni kasuwar gwanjo, wai mu shirya. A can muka fara haɗuwa, muna rigima a kan wani tsohon faifan garmaho. Ya ɗora wata hular gashi da asu ya gama da ita, ya ƙame.

"Ya kika gani? Na yi kama da ango?"

"Ka yi kama da tunkiyar da ta tsere wa mahauci."

Yana dariya na juya, sai idona ya sauka a kanta. Falmaran ce ta jan karan-miski mai maɓallin azurfa, da ɗan ƙunar garwashi a gefe. A ciki aka kai Apa gidan miji. Ko ni ba ta bari in taɓa.

"Baba, wa ya kawo maka wannan?!"

Mai rumfar ya ɗaga kafaɗa. "Wata tsohuwa, maƙwabcinta ya kawo ta a mota. Har da kofunan shayi da darduma. Ta ce tashi za ta yi, inda za ta ɗaki ɗaya ne."

Na fizge rigar na bar Sanjar da ciniki.

A gida na tarar da akwatin Apa a buɗe, rabinsa wayam. Jenge tana zaune a bakin gado, kanta a ƙasa.

"Apa, mene ne wannan?"

Ta dubi rigar, ta ɗauke kai. "Mayar musu, na sayar."

"Ina za ki? Wa ya ce kin dame ni?"

"Taga ce ta faɗa min. Kullum ki fita da kwalliya, ki dawo rana ba ta faɗi ba, idonki jajur. Tsufa na yi, yarinya, ban makance ba." Ta gyara ɗankwalinta. "Garin Talgar zan koma, gidan babanki."

Tunda nake ban taɓa jin ta kira shi babana ba.

"Gidan yaya dai..."

"Babanki na ce! Shi na haifa, shi zai yi jinyata. Ke jika ce, ba a ɗaure jika a ƙafar gado."

"Apa, don Allah kar ki ce haka!"

Na durƙusa na riƙe gwiwoyinta. Ta kama hannuna, ta saka a cikin na Jenge.

"Gulsim, ga 'yarki. Na ara, na daɗe ban mayar ba. Idan mutanen Taraz suka zo, wurinku za su nema."

Jenge ta fashe da kuka, irin kukan da aka daɗe ana haɗiyewa. Ni kuwa na rasa wadda zan runguma. Hanya ta buɗe min, amma wallahi ban ji daɗi ko ƙanƙani ba.

"Daga yau kaka za ki ce min," in ji Apa, ta juya wa bango fuska.

Kafin ganye ya fara zuba aka ɗaura mana aure. Jenge ce ta zauna a mazaunin uwar amarya, Apa tana can cikin tsofaffi, ta ƙi yarda mu haɗa ido.

Da za a saka ni a mota na kufce, na je na faɗa jikinta. Na kai bakina kunnenta.

"Apa..."

Ta waiga ta tabbatar Jenge ba ta kusa, sannan ta ƙanƙame ni.

"Na'am, 'yata."