Fuskar Iya a Bango

"'Yar nan, duba mini... wannan ni ce?"

Auta ta ɗago daga kwamfuta da murmushinta, don muryar Iya ta ji, mahaifiyar Injiniya, matar da saura wata uku ta zama surukarta. Murmushin bai daɗe ba. Tsohuwar ba ta zauna ba, ba ta amsa gaisuwa ba, sai ta shimfiɗa wata yagaggiyar fasta a kan teburin.

Auta ta san fastar sarai, ita ta tsara ta. Dogon layin mutane ne a ƙofar asibiti, a sama an rubuta da ja: SUN CIKA MANA LAYI. MU FITA. A gaban layin ga wata tsohuwa da koren mayafi, riƙe da katin asibiti.

Mayafin da ke jikin Iya a yanzu.

Auta ta miƙe tsaye.

"Iya... wallahi ban..."

"A bangon kasuwa na ɓallo ta. Akwai wata a tashar mota, akwai biyu a bakin layinmu. Me na yi muku?"

Ƙarar injin buga takardu ta tsaya a ɗakin baya. Injiniya ya fito yana goge tawada da tsumma, ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi takardar. Auta ta ga yadda tsumman ya zame daga hannunsa.

Shi ya buga ta, guda dubu ashirin.

Duk wanda bai san aikin maɗaba'a ba zai ce ƙarya suke yi, ta yaya mutum zai buga hoton uwarsa sau dubu ashirin bai gane ta ba? To haka aikin yake. Mai inji ba ya kallon hoto. Gefen takarda yake dubawa da ɗan madubinsa, ya ga ko ja ya hau kan shuɗi daidai, ko tawada ta yi yawa. Ita kuwa Auta awa guda ta ɓata tana gyara kalar mayafin nan, ta ƙara masa girma har ya cika mata allo, tana mitar cewa koren ya mutu. Ta san kowane zare na mayafin. Fuskar da ke cikinsa ce kawai ba ta kalla ba.

Injiniya ya naɗe fastar, ya kama hannun Iya suka fita.

Lokacin ƙasar gaba ɗaya ta rabu biyu. Saura mako uku a yi ƙuri'ar raba gardama kan ko a ci gaba da zama a Tarayyar ƙasashe bakwai ko a fita. A cikin Tarayyar, ɗan kowace ƙasa yana iya zama da aiki inda ya ga dama da kati ɗaya. Da katin nan Injiniya ya tsallako iyaka shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya farfaɗo da injin Abban Auta da kowa ya ce sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Daga baya ya ɗauko Iya saboda ciwon ƙodarta.

Abba kuwa ɗan "Mu Fita" ne na gani-kashe-ni, kuma ba a banza ba. A kan bencin asibiti mahaifiyar Auta ta cika, da lamba ta tamanin da huɗu a hannunta, tana jiran a kira ta. Tun ranar ya ɗora wa layin laifi, ya ɗora wa Tarayyar laifin layin. Amma in aka zo kan Injiniya sai ya ce, "Kai daban ne, ɗana." Shekara goma sha ɗaya yana faɗar haka, bai taɓa tambayar kansa daban da su wa ba.

Auta ba ta jira an tashi aiki ba. Ta tsallaka titi zuwa ofishin kamfen "Mu Fita", inda ɗan baffanta, Sakatare, ke zaune yana kaɗa ƙafa. Shi ya kawo hoton. Shi ne kuma wanda ya nemi aurenta sau biyu, sau biyun ta ce masa ya yi haƙuri.

"Yaya, ka san wace ce a hoton nan?"

"Wata baƙuwa ce a layi."

"Sau nawa ka gaishe ta a gidanmu?"

Ya yi wani murmushi mai ban haushi.

"Ni hoto na kawo, Auta. Ke kika tsara, ɗanta ya buga. Ko ƙarya hoton ya yi? Ba ta layin?"

"Tana layin. Da harajin ɗanta ake biyan likitan da ke duba ka."

"Iye, har an koya miki karatunsu. Bari a fita ki ga inda katinsa zai kai shi."

Ta so ta mare shi. Zumunci ya riƙe mata hannu, ta fito tana kuka a titi ba ta damu da masu kallo ba.

Da yamma aka taru a falon Abba, Gwaggo ta zo da nata. Ita dama tun farko auren bai kwanta mata ba.

"Ni fa gaskiya zan faɗa, ko a ji haushina. Yaron nan ya ga za a fita, yana neman igiyar da zai ɗaure kansa a ƙasar nan. Takarda yake so, ba Auta ba."

"Gwaggo, shekara huɗu yana nemana, lokacin ko maganar ƙuri'a babu."

"Rufe min baki. Gidajen haya sun yi tsada, aikin yaranmu sun kwashe, doka kuma sai a yanke mana a can wata ƙasa, mu namu bi. Ƙarya na yi, Alhaji?"

Abba ya ajiye carbinsa.

"Ba ki yi ƙarya ba a kan doka. A kan yaron kin yi."

Sai a lokacin suka lura da Injiniya a bakin ƙofa, makullan maɗaba'a a hannunsa. Ya ji komai. Ya durƙusa ya gaishe su, har Gwaggo, ya ajiye makullan a gaban Abba ya ce zai ɗan huta kwana biyu. Kunya ta kama Auta kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Kwana biyun suka zama goma. Abba ya hana a sake buga fastar, ya sa aka bi unguwa ana ɓallewa, amma ina za a kai da dubu ashirin? Tana jikin motocin haya, tana jikin turakun lantarki, har a wayoyin mutane. Iya ta je wankin ƙoda, wata mata a layi ta nuna ta da baki ta ce, "Ga ta nan, mai cika layi." Tun daga ranar ta ƙi fita. Ƙafafunta suka kumbura, ta ce gara ta mutu a ɗaki.

Auta ta sami Injiniya a barandar gidansu yana wanke wa Iya kaya. Ya rame, gemunsa ya taru.

"Kana fushi da ni."

"Da kaina nake yi, Auta. Dubu ashirin suka wuce ta gaban idona, ina ta murna kala ta fito."

Ta zauna a kan bokitin da aka kife.

"A matso da auren. Kafin ƙuri'a. In na zama matarka babu mai taɓa ka."

"Sai Gwaggo ta ce ga shi ta faɗa."

"Ta faɗa mana! Ni na san waye kai."

Ya dube ta da idanun da suka sa ta so shi tun farko, masu sanyi, masu gajiya.

"Rabin raina... takardar aure ni za ta rufe. Iya fa? Tsohuwa ce, ba ta aiki, ba ta da miji a nan. In aka fita ita ce ta farko da za a ce ta tafi."

"To in ba a fita ba?"

"Ko ba a fita ba, kin ga za ta sake tsayawa a layin nan?"

Daga cikin ɗaki Iya ta kira Auta, ta shiga a ɗarare. Tsohuwar ta kama hannunta ta ɗora a kan kumburarriyar ƙafarta.

"Na san ba da gangan kika yi ba, 'yar nan. Shi ya fi min ciwo. Da ƙiyayya ce da na san me zan yi da ita."

Ranar ƙuri'a Abba ya yi wanka ya sa farin kaya. Auta ta tare shi a bakin ƙofa.

"Abba, bayan duk abin da ya faru?"

"Na je na ba Iya haƙuri har ƙasa, kin gani da idonki. Fastar zalunci ce. Amma Auta, ni na ɗauko mahaifiyarki daga kan bencin nan. Ƙasa dole ta san adadin da za ta iya ɗauka."

"Da likitoci aka ƙara, Abba, da ba a kori kowa ba."

"Shekara nawa muna jiran a ƙara?"

Mota ɗaya suka shiga, layi ɗaya suka bi, kowa ya dangwala nasa.

"Mu Fita" ta ci da ɗan ƙaramin rinjaye. Sakatare ya yi ta zagaya unguwa da hon kamar shi aka zaɓa. Aka ba baƙi wata shida su gyara takardun zama, kuma kamar yadda Injiniya ya faɗa, nasa ya fito, na Iya aka ƙi. Abba ya yi ta sintiri a ofisoshi da takardun asibitinta, yana cewa shi ɗan ƙasa ne, shi zai tsaya mata. Aka ce masa doka ce, Alhaji, ku kuka zaɓa.

"Zan mayar da ita gida," in ji Injiniya. "Ba zan ce ki biyo ni ba. Can babu kowa naki."

"Kai ba nawa ba ne?"

Hawaye ya cika masa ido, ya juya mata baya don kada ta gani.

Ta ɗauka Abba zai hana. Ya saurare ta har ta gama, ya tambaye ta sau uku ko ta tabbata, sannan ya ce shi ba zai raba abin da ya riga ya haɗa ba. Gwaggo ta yi rantsuwa ba za ta zo ba, ta kuma zo, ta fi kowa kuka. Aka ɗaura aure ba wani taro.

Abba ya kafe sai ya kai Auta da kansa. Yana so ya ga ɗakin da za ta zauna, ya ga asibitin da za a riƙa kai Iya, ya san unguwar da zai riƙa zuwa duk ƙarshen wata. Shi ya tuƙa motar, awa biyar, yana ta ba Iya labari don ta saki jiki.

A kan iyaka suka tarar da sabon shinge da sabon ɗaki mai ƙaramar taga. Jami'in ya duba takardun Injiniya da na Iya, ya duba takardar auren Auta, ya buga hatimi. Abba ya zaro katinsa na Tarayya, wanda ya shekara ashirin yana wucewa da shi sayen takarda da tawada, ya miƙa ba tare da wani tunani ba.

Jami'in ya juya katin, ya turo masa.

"Alhaji, wannan ya daina aiki tun ranar Litinin. Sai da biza."

"'Yata zan raka. Yau zan dawo."

"Ka nema a babban birni. Wata uku ne, in an ba ka."

Abba ya tsaya da katin a hannu. Auta ba ta taɓa ganin ya tsufa haka ba. Injiniya ya fara sauke akwatuna daga but, don motar ma a nan za ta tsaya.

"Abba..."

"Je ki, Autata. Mijinki na jira."

Ta rungume shi tana kuka, ya dafa kanta ya yi mata addu'a. Aka ɗaga shingen, ta wuce riƙe da hannun Iya, aka sauke.

Sau uku tana waiwaye. Yana nan tsaye a jikin ƙarfen, ya ɗaga mata hannu, har jami'in ya roƙe shi ya matsar da motarsa don na baya su samu wucewa.